Aikin taswirar makabartar Ƙarafa: inda aka kwana

Juma'a, 13 ga Satumba 2024

To jama'a aikin nan da aka daɗe ana cewa za a fara za a fara dai yau an sa masa hannu. Ga wanda bai san zancen ba, mu ɗalibai ne a nan Azhar, akwai 'yan Najeriya akwai 'yan Nijar da ɗan'uwa guda daga Kumasi, muka ce bari mu bi makabartar Ƙarafa ta Alƙahira lungu-lungu mu nemo kaburburan malaman da ake karanta littattafansu a zaurukanmu, mu ɗau hoto, mu ɗau lokeshin a waya, mu rubuta ɗan bayani da Hausa, yadda duk wanda ya shigo Masar, karatu ya kawo shi ko asibiti ko saro kaya, zai iya kai kansa ziyara ba sai ya nemi ɗan jagora ba. Abin da ya sa muka daina jan ƙafa kuwa katafila ce. Tun 2020 da aka ratsa titin Firdaus ta ɓangaren arewa ake ta cin makabartar nan da sababbin tituna da gadojin sama, a 2023 abin ya yi tsanani a wajen Sayyida Nafisa da Imamu Shafi'i, kuma har yanzu ba a tsaya ba.

Ƙarafa fa ba irin makabartar da muka sani ba ce. A gida itace ne da fasasshen tulu da tudun ƙasa, damina biyu uku sai mai gadi kaɗai ya san wane ne a ina. Nan kuwa gari ne guda a gindin dutsen Muƙaɗɗam, da tituna masu suna, da gidaje masu ƙofa da kwaɗo, kowane dangi da farfajiyarsu da suke kira hosh, kuma akwai mutane rayayyu da ke zaune a ciki da 'ya'yansu da shanyarsu da dish a saman rufi. An fara binne mutane a nan tun zamanin Amru ɗan Asi da ya kafa Fusɗaɗ wajen 642, shi kansa a gindin dutsen aka rufe shi. Ƙal'ar Salahuddin, babban sansanin nan mai ganuwa, ta raba ta biyu, kudu wajen Imamu Shafi'i, arewa kuma saharar Mamluk, sarakunan da suka mulki Masar bayan zuri'ar Salahuddin. Tana cikin tsohuwar Alƙahira da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 1979.

Jerinmu na farko: Warshu, Ibnul Ƙasim, Ash'habu, Halilu mai Muhtasar, Suyuɗi, Shaɗibi, Ibnu Hajar. Sai wanda ni dai shi ne ya fi tsaya min a rai, Muhammadu al-Kashinawi, Bakatsinen da ya rasu a garin nan. Zancensa na nan tafe.

Juma'a, 20 ga Satumba

Mun fara da mai sauƙi, Imamu Shafi'i. Bas zuwa Sayyida A'isha, daga nan tuk-tuk, kowane yaro ya san wurin. Ya rasu 204 bayan Hijira, 820 ke nan, ƙubbar da ke kansa kuma Sarki al-Kamil ne ya gina ta a 1211 bayan rasuwar mahaifiyarsa, ita ma a ciki take. Ƙubbar ta katako ce an lulluɓe ta da darma, can ƙololuwa akwai wani ɗan kwalekwale na ƙarfe da ake cewa da a ciki ake zuba wa tsuntsaye hatsi. Akwatin katakon da ke kan kabarin ma ya girmi ginin, na zamanin Salahuddin ne, 1178, sassaƙa ce da in ka tsaya kallonta sai wuyanka ya ƙage, ƙananan guntayen katako an harhaɗa su cikin juna kamar taurari, ga ayoyi zagaye da shi. An yi wa wurin gyara na shekaru aka sake buɗewa a 2021, yanzu tas yake, fenti ya fito, rubutu ya fito.

Abin da ya ba ni sha'awa, filin da aka rufe Imamu Shafi'i na gidan Ibnu Abdil Hakam ne, su kuwa manyan Malikawan Masar ne, Abdullahi ɗan Abdul Hakam yana nan kwance kusa da shi. Mu da ke ta jayayyar mazhaba a hostel sai mu shafa wa kanmu ruwa.

Har yau mutane na rubuto wa Imam wasiƙar koke suna cusawa ta tsakanin ƙarafan da suka kewaye kabarin, na ga wata tsohuwa ta naɗe tata ƙanƙanuwa ta tura da ɗan yatsa tana magana ƙasa-ƙasa. Ɗan'uwanmu na Kaduna ya ɓata rai, na ce masa Malam mu dai lokeshin muka zo ɗauka.

Bayan ginin akwai Hosh al-Basha, makwancin zuri'ar Muhammad Ali mai mulkin Masar, Ibrahim Basha da ya rasu 1848 yana ciki. Marmara da zinare da rawuna da huluna na dutse a kan kowane kabari. Mun leƙa mun fito, ba su ne a jerinmu ba, amma mun sa su a matsayin alamar hanya.

Juma'a, 4 ga Oktoba

Yau Warshu. Kai jama'a.

Duk wanda ya yi allo a ƙasar Hausa da ruwayar mutumin nan ya buɗe baki, tun daga Sakkwato har Damagaram har Abeche, Alƙur'anin da alarammomi ke rubutawa da ka a kan ruwayarsa ne. Usmanu ɗan Sa'idu, Bamisre, an haife shi 110 bayan Hijira, ya je Madina ya yi karatu a gaban Nafi'u, ya dawo ya karantar har ya rasu 197. To in ka ji haka sai ka ɗauka za ka tarar da ƙubba ana ganinta daga nesa. Ina! Google Maps ya yi ta juya mu a tsakanin bangaye masu kama ɗaya, ɗigon shuɗin nan yana tsalle daga wannan layi zuwa wancan, sai da muka haƙura muka tambayi wata mata mai wanki a bakin ƙofa, ita ta aika yaro ya kira mana turabin yankin, wato mai kula da kaburbura, shi ke haƙa shi ke rufewa shi ke riƙe da makullai, kuma sana'ar gado ce.

Dattijo ne da jallabiya ruwan toka da tarin makullai a igiya. Na ce masa ya Ammu, Imamu Warshu muke nema. Bai ce komai ba ya juya muka bi shi. Kabarin a cikin hosh ɗin wasu mutane yake, dangin da suka zo ƙarnoni bayansa suka kewaye wurin, in ba a buɗe maka ƙofa ba za ka wuce sau goma ba ka san ka wuce ba. A 2023 an yi ta ce-ce-ku-ce cewa yana cikin waɗanda za a kwashe, hukuma ta fito ta musanta, yana nan dai a yanzu.

Alarammanmu ɗan Damagaram ya tsuguna ya fara Fatiha da irin karatun gida, yana zuwa maliki yaumiddin ba tare da ja ba sai dattijon ya ɗaga hannu zai gyara masa, don su nan Hafsu suka sani. Alaramma ya yi murmushi ya ce ya Ammu, ai karatun mai kabarin ne. Dattijo ya yi shiru, can ya ce to ci gaba ya maulana, ya jingina da bango har aka kai ƙarshen Walluha. Shekara da shekaru yana share wurin bai taɓa jin yadda mutumin ke karatu ba, in ji shi.

Shi ne kuma ya nuna mana yadda ake rufe mutum a nan. Ba rami ɗaya mutum ɗaya ba ne. Ƙarƙashin farfajiyar akwai ɗakuna, na maza daban na mata daban, ana kwashe ƙasa a ɗaga wasu dogayen duwatsu sai matakala ta bayyana, a sauka da mamaci a kwantar da shi a kan yashi yana fuskantar alƙibla, a mayar da duwatsu a rufe. Ya ce babbar damuwarsu yanzu ruwa ne da ke tasowa daga ƙasa, akwai ɗakunan da in an buɗe sai a ga ruwa ya kai gwiwa, kuma ka ga gishiri ya ci gindin bangaye ya yi fari fat, dutse yana marmashewa in ka taɓa. Wannan gaskiya ne mun gani da ido, kuma yana cikin hujjojin da hukuma ke kawowa na kwashe kaburbura.

Wani abu da na lura, dattijon nan ba ya kwatance da lamba ko sunan titi. Sai ya ce bayan hosh ɗin wane, daura da ƙubbar wance, in ka wuce bishiyar nan. Tsofaffin littattafan ziyara na zamanin Mamluk ma haka suke yi, ka fito daga kabarin wane ka yi taku kaza wajen alƙibla sai ka tarar da wane. Don haka mun ƙara layi biyu a teburinmu: waye a damansa, waye a hagunsa. Da wanda ke riƙe da makulli.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Ba fita wannan satin, lakca ta kankama. An dai yi zazzafar muhawara a gurup kan gini a kan kabari, har wani ya ce shi in taswirar za ta zama hanyar kai mutane shafa bango to a cire shi. Ni abin da na ce, hukuncin gini daban, sanin inda malaminka yake kwance daban, kuma katafilar nan ba don raya sunna take rusau ba, titi take nema. An tsaya a kan za a rubuta ladubban ziyara a farkon taswirar, sallama da addu'a, shi ke nan. Bai fita ba.

Asabar, 26 ga Oktoba

Satin nan ba daɗi. Hotuna sun cika Facebook na wata ƙubba a yankin Imamu Shafi'i, ta mahaifiyar Halim Basha ɗan Muhammad Ali, bakin katafila ya shige ta rabi ya zube. Mun wuce ta gabanta a fitarmu ta farko. Hayaniya ta yi yawa har ministan al'adu Ahmad Hannu ya ce an dakatar da rusau a wurin na ɗan lokaci. Amsar masu kula da kayan tarihi kuma ita ce dai wadda aka saba ji, ginin ba ya cikin rajista.

A nan gizo ke saƙar. Dokar kayan tarihi ta 1983 abin da aka yi wa rajista take karewa, kuma abin da aka yi wa rajista a Ƙarafa ɗan kaɗan ne in ka kwatanta da abin da ke ƙasa. Ƙubbar Shafi'i ba abin da zai same ta, ta Sarki Ƙaitbai ma haka, su ne ake gyarawa a kawo baƙi a yi hoto. Waɗanda ke tafiya su ne na tsakiya, hosh ɗin bashoshi da malamai da mawaƙa da talakawan da ba wanda ya san su, kuma su ne hanyar da ake bi a gane sauran. Ka bar ƙubba ɗaya tsaye a tsakiyar kwalta ka share duk maƙwabtanta, to duk kwatancen da aka gada na shekara ɗari bakwai ya tashi aiki, turabin da ya san wurin ma an tashe shi an kai shi wani gari.

Jiya mun zaga wajen. An shafa wa ƙofofi da yawa alamar X da jan fenti. Mun tarar da wasu mutane a bakin wani hosh, mota a tsaye, ana fito da ƙasusuwan iyayensu a naɗe cikin sabon likkafani, ƙanana ƙanana, wani mutum mai kimanin shekara sittin yana karɓa yana jerawa a bayan mota da kansa yana kiran sunan kowa. An ba su wani wuri a sabuwar makabarta can bayan gari, wajen Ashir min Ramadan. Ba mu ɗau hoto ba, mun yi musu gaisuwa muka wuce. Haka aka kwashe marubuci Yahya Haƙƙi a 2023. Kabarin marubuci Ɗaha Husain an shafa masa alama a 2022 aka yi ca, sannan aka bar shi. A yankunan nan ne mawaƙa Ahmad Shauƙi da Hafiz Ibrahim suke, duka sun rasu 1932, da Barudi, da Ahmad Urabi da ya yi wa Turawan Ingila tsaye a 1882. A Yunin 2023 Shugaba Sisi ya ba da umarnin a gina wata makabarta ta musamman a tara manyan ƙasa a ciki. Ni dai ban ga yadda za a yi a zaɓi manya a bar waɗanda suka kwanta kusa da su da gangan ba, don mutane da yawa wasiyya suka bari a rufe su kusa da wane.

Ba na cewa garin ba ya bukatar hanya, duk wanda ya taɓa maƙalewa a titin Salah Salim da yamma ya san ana bukata. Shi kansa Salah Salim ɗin ai ta cikin kaburbura aka fasa shi tun shekarun 1960. Amma a ƙalla a rubuta abin da za a rushe kafin a rushe. Akwai Misirawa 'yan sa kai, likitoci da injiniyoyi da masu zane, da ke bin wurin duk Juma'a suna hoto suna ciro allunan marmara daga cikin ɓaraguzai, mun haɗu da wasunsu, sun fi mu sanin wurin nesa ba kusa ba kuma ba su da rowa.

A hanyar fita wani mutum da bai faɗi ko shi waye ba ya tare mu ya ce me muke ɗauka, ya karɓi wayar ɗan Kumasi ya duba ya goge wasu hotuna. Daga yau kowa ya riƙa tafiya da fasfo da iƙama da katin makaranta, kuma kar a ɗaga waya inda ake aiki.

Juma'a, 8 ga Nuwamba

Mun canza tsari, duk wanda ke kusa da bakin titi shi za a fara yi.

Sadatul Malikiyya, ba nisa da Sayyida Nafisa. Ɗaki ne madaidaici ba wani ado, a ciki Ibnul Ƙasim da ya rasu 191, wanda ya lazimci Imamu Malik kusan shekara ashirin kuma daga bakinsa Sahnunu ya tattara Mudawwana, ga Ash'habu da ya rasu 204 'yan kwanaki bayan Shafi'i, ga Asbagu. Duk inda ka ji malami a zaure ya ce ƙaulin Ibnul Ƙasim ne mashhuri, to ga mai ƙaulin nan. Mun daɗe a nan, ba wanda ya yi maganar tafiya.

Daga nan Suyuɗi, wajen Babul Ƙarafa kusa da dandalin Sayyida A'isha, a wurin da ake kira Hosh Ƙausun. Ya rasu 911, wato 1505. Duk azumi da Jalalaini ake tafsiri a masallatanmu, rabinsa aikinsa ne rabi na malaminsa Mahalli. Kuma shi ya san da zamanmu, ya rubuta wa sarakunan ƙasar Takrur wasiƙar nasiha har ya ambaci Sarkin Katsina Ibrahim da Sarkin Agadas, Askiya Muhammadu ma ya gana da shi a tafiyarsa ta hajji. Ginin nasa yana tsaye, amma kewayensa an share da yawa, ƙura da tarin ƙasa da motoci. Layin "waye a damansa" mun bar shi fayau.

Juma'a, 29 ga Nuwamba

Arewa, saharar Mamluk. Nan tituna sun fi faɗi, iska ta fi, kuma ga gine-ginen sarakuna. Masallacin Ƙaitbai da aka gama 1474, wanda ke jikin takardar fam ɗaya, ƙubbarsa dutse ne zalla an sassaƙa taurari da furanni sun hau kan juna. Hankar Faraj ɗan Barƙuƙ, wato zawiyar sufaye, mai ƙubba biyu da hasumiya biyu, an gama ta 1411. Akwai masu hura gilashi a unguwar, mun sha shayi a wajensu.

Halilu muka zo nema. An rufe shi kusa da malaminsa Abdullahi al-Manufi wanda ya rasu 749 shekarar babbar annoba, shi kuma Halilu shekarar da ta fi shahara ita ce 776. Mun sami wurin Manufi ba wahala, an nuna mana na Halilu a gefensa. Mutumin da ake cewa in ka sauke littafinsa ka zama malami a ƙasarmu, ga shi nan wuri shiru, yara na buga ƙwallo a waje. Ɗan Zariyanmu da ya yi Muhtasar a gaban mahaifinsa ya kira gida ta bidiyo ya nuna wa tsohon, ni dai na matsa gefe na ba su wuri.

Juma'a, 13 ga Disamba

To yau aka shiga neman Bakatsine.

Ga abin da ke hannu. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, malamin lissafi da taurari da ilmin hatimi, ya bar gida ya yi hajji ya zauna a Alƙahira, a 1732 ya rubuta aikinsa kan yadda ake jera lambobi a murabba'i kowane layi ya ba da jimla ɗaya, wanda har yau masana lissafi na ambatonsa. Ya sauka a gidan Shaihu Hasan al-Jabarti, shi Hasan ɗin ya yi karatu a wajensa, a gidan ya rasu a 1154, wato 1741, ya bar masa wasiyyar littattafansa. Ɗan Hasan, Abdurrahman al-Jabarti mai tarihin Masar, shi ya rubuta cewa babansa ya rufe shi a Bustanul Ulama cikin makabartar Mujawirin, ya yi gini a kan kabarin ya rubuta sunansa da shekarar rasuwarsa. Su Jabarti ɗin ma asalinsu daga wajen Habasha ne.

Mujawirin tana gabas da Azhar, ka tsallaka Salah Salim daga Darrasa. Nan ake rufe malaman Azhar da ɗaliban da suka zo daga nesa suka mutu a bakin karatu, kuma mutanenmu sun daɗe a cikinsu tunda har ruwaƙin Barnawa, wato masaukin ɗalibansu, akwai a masallacin Azhar. Shaihu Harashi, shehun Azhar na farko mai sharhin Halilu, da ya rasu 1690 yana nan, Muhammad Abduh da ya rasu 1905 ma a yankin yake. Amma wurin a cushe yake ba kamar kudu ba, kabari kan kabari, wani lungun sai ka bi a karkace, alluna da yawa gishiri ya cinye rubutun, wasu an shafe su da siminti an rubuta sabon suna a kai don an sake rufe wani a ciki.

Mun sami turabawa biyu. Na farko ya ce bai taɓa jin sunan ba. Na biyu, wanda ya fi tsufa, ya ce a maimaita, muka ce al-Kashinawi, as-Sudani, ɗan ƙasar Takrur, ya ce Takruri kam akwai su da yawa ya ɗana, wanne daga ciki? Ya kai mu wani layi ya nuna wasu kaburbura marasa rubutu ya ce kakansa yana cewa na baƙaƙen malamai ne. Ba mu rubuta komai a kansu ba sai "a sake dubawa". Mun yi alkawari tun farko ba za mu liƙa wa kabari suna don muna so ya zama shi ba, irin haka ne ya sa ake samun mutum ɗaya da kabari uku a garin nan.

Wata matsalar kuma, shi dai Jabarti ya kawo labarin wata ambaliya da ta sauko daga dutse a 1178 bayan Hijira ta rusa kaburbura a saharar nan har gawawwaki suka yi iyo, a nan ne kabarin Shaihu Afifi ya rushe almajiransa suka sake masa wani a kan tudu. Shekara 24 ke nan bayan rasuwar Bakatsinen. Ko ta taɓa nasa ko ba ta taɓa ba, dole mu sa wannan a lissafi.

Dabarar da muka tsaya a kai ita ce ta dattijon wajen Warshu, a bi ta maƙwabta. Za mu tsamo duk wanda aka rubuta an rufe shi a Bustanul Ulama a shekarun nan, musamman wanda aka ce kusa da wane, mu ga waɗanda har yanzu ake gane nasu, sai mu ja da'ira. An raba aikin, kowa da shekarun da zai bi.

Lahadi, 12 ga Janairu 2025

Jarabawa. Sanyi. Ba wanda ya leƙa ko'ina. Na dai zauna na daidaita hotuna da sunaye, na kwafe komai a wuri biyu don wayar Alaramma ta faɗa ruwa kuma hotunan Sadatul Malikiyya na ciki, Allah ya sa ya riga ya turo a gurup.

Juma'a, 7 ga Fabrairu

An dawo. Shaɗibi yau, can gindin dutse, ya rasu 590, makaho mai baitocin ƙira'a da duk mai tajwidi ya sani. A hanya ɗaya muka haɗa da Ibnu Aɗa'illah da ya rasu 709 da Ibnul Farid. Nisa ne kawai da hawa, ba wata wahalar nema. Ibnu Hajar kuma, 852, yana kan hanyar Imamu Laisu, ɗan ƙaramin gini ne da sai an nuna maka, ƙofa a kulle, ta taga muka leƙa.

Mun biya ta layin da muka ga ana kwashe ƙasusuwa a Oktoba. Babu layin. Fili ne da tsakuwa an daddaɓe. Na buɗe teburinmu na ga akwai wurare da muka kwatanta da "bayan koren ƙofa" da "daura da hosh mai dabino", duk an sake su da lambobin GPS zalla, na kuma ƙara wani layi na ranar da aka ga abu na ƙarshe yana tsaye.

Juma'a, 21 ga Fabrairu

Inda ake yanzu. Kudu kusan an gama zagayen farko, saura Uƙbatu ɗan Amir da Zunnun da 'yan kaɗan. Arewa akwai sauran aiki sosai. Bayanan Hausa an rubuta na Warshu da Malikawa da Suyuɗi da Halilu, ɗan Zariya yana dubawa, kuma an yi gardama kan ko a sa da ajami ma saboda tsofaffi, ni ina goyon baya in an sami mai bugawa. Ba za mu saki taswirar a fili da sunayen masu makulli ba, wanda zai zo ya tuntuɓe mu a haɗa shi da su, kuma don Allah in an buɗe maka ƙofa ka ba da ɗan wani abu, da shi suke ci.

Na Bakatsine, jerin maƙwabta ya fara tsawo, kuma akwai biyu a ciki da dattijon Mujawirin ya ce ya san wurinsu. Ɗaya daga cikin 'yan sa kan nan ya ce zai zo mana da wata dabara ta haska fitila daga gefe da daddare ko da asuba, rubutun da ya shafe yakan fito a hoto. Azumi saura kwana kaɗan, don haka fita za ta koma bayan sallar asuba zuwa hantsi. Ana neman mai kyamara ta gaske ko da aro ne, da wanda ya iya karanta rubutun sulusi da ya lalace. Juma'a mai zuwa Mujawirin, haɗuwa a bakin gadar masu ƙafa ta Darrasa ƙarfe bakwai, kowa ya zo da cajin wayarsa a cike.